Ƙafa ce ta kumbura, me ya kawo zancen ƙoda?

Wani matashi tela daga Garin Malam ne ya aiko da tambayar, ga ta a taƙaice: "Baba, ƙafafun Innata sun kumbura tun bayan azumi. Mun kai ta likita, aka auna jini da fitsari, aka ce ƙoda ce. Sai ga ordonansi da maganin tansiyo da na ƙarin jini, aka kuma hana ta gishiri. Ƙafa ke damun ta, an ce ƙoda, an ba da maganin hawan jini. Anya ba lalube ake yi ba? Wai yaya aka tsara jikin mutum har wannan ya shafi wancan?"

Ɗana, Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Ba lalube aka yi ba. Abubuwa huɗun nan da ka lissafa, kumburi da tansiyo da ƙarancin jini da hana gishiri, duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in koma koyar da ɗalibai tsarin jiki, kuma na lura hanya mafi sauƙi ta fahimtar da mutumin Damagaram wannan karatu ita ce a mayar da shi ranar layya, domin babu gidan da ba a taɓa buɗe rago a gaban yara ba.

Ka tuna yadda ake fiɗa. Mahauci ya ɗan tsaga ƙafar baya, ya zura sanda, ya kafa baki ya yi ta hura iska har ragon ya kumbura kamar salka, yana bubbuga shi. Da ya sa wuƙa sai fata ta riƙa rabuwa da nama ba gardama, kana ganin wani farin abu mai kama da saƙar gizo yana tsinkewa a tsakani. Ina iskar nan ta shiga? Ba cikin tumbi ba, ba cikin huhu ba. Ta shiga cikin wannan farar saƙa mai sako-sako da ke tsakanin fata da tsoka. Riƙe wannan wurin da kyau a ranka. Nan ne ruwa ya taru a ƙafafun Inna. Za mu dawo kansa.

Da aka tsaga cikin ragon, abin da za ka fara lura da shi, in ka natsu, shi ne kayan ciki ba a zube suke kamar tarkace a buhu ba. Ɗaki-ɗaki ne. A sama akwai ɗakin ƙirji, haƙarƙari sun yi masa shinge, ciki huhu biyu da zuciya a tsakaninsu. A ƙasa ɗakin ciki, mai tumbi da hanji da hanta da saifa. Tsakanin ɗakunan biyu akwai wani faifan nama siriri, gefensa ja tsakiyarsa fari, wanda sai mahauci ya yanke shi kafin ya zaro huhu. Wannan faifan shi ne babbar tsokar numfashi: in ya sauka ƙasa iska ta shiga, in ya saki ta fita, kuma shaƙuwa ba komai ba ce illa zaburarsa. Sai ɗaki na uku da ya fi kowane tsaro, ƙoƙon kai da ramin da ya ratsa ƙashin baya, inda ƙwaƙwalwa da laka suke. Ƙoda kuwa, ka tuna sai an kwashe hanji duka ake ganin su, manne da baya, a lulluɓe cikin kitse. Haka suke a jikin mutum: can baya, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba.

Tsarin namu da na rago kusan ɗaya ne, sai ƴan bambance-bambance. Rago tumbinsa kashi huɗu ne saboda tuƙa, namu ɗaya tak. Haƙarƙarinsa 13 a kowane gefe, namu 12, mace da namiji duk haka. Ƙasusuwan wuya kuwa 7 ne gare mu, 7 gare shi, har raƙumin dawan da ke Kure, kusa da Yamai, mai dogon wuyan nan 7 ne gare shi, tsawo kawai suka fi namu. Babban mutum yana da ƙashi 206. Jariri ya fi haka yawa, domin wasu nasa guringuntsi ne ya haɗa su, sai a hankali suke haɗewa, shi ya sa maɗigar jariri take motsi. Tsoka ta haura 600. Ba zan tsaya kan waɗannan ba, lissafi ne da ɗalibi ke haddacewa don jarrabawa.

Abin da ya fi amfani gare ka shi ne hawa-hawan ginin, kuma tunda kai tela ne zan shigo ta shagonka. Babbar riga ba daga sama take faɗowa ba. Akwai zare, zare ya zama ƙyalle, ƙyalle a yanka a fitar da hannu da wuya da aljihu, a haɗa su riga ta tashi. Zaren jiki shi ne ƙwayar halitta, ƴar mitsitsiyar jaka mai rai wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Mutum guda yana ɗauke da wajen tiriliyan 30 nasu, iri kusan 200. Wani Bature na Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ganin irin waɗannan ɗakuna a ɓawon itace ya ba su suna a 1665. Ƙwayoyi masu kama da juna in suka jeru suna aiki ɗaya, sun zama ƙyalle. Abin mamaki, duk girman jikin nan ƙyalle iri huɗu kacal aka ɗinka shi da su. Akwai na shafi, wanda ya rufe waje ya kuma shimfiɗe cikin baki da hanji da hanyoyin jini da na fitsari. Akwai na haɗi da tallafi, wanda farar saƙar ragon nan tana cikinsa, haka kitse da guringuntsi da ƙashi, har jini ma malaman fannin a nan suke sa shi. Akwai tsoka mai takurewa ta saki. Akwai kuma na saƙo, wato ƙwaƙwalwa da laka da rassansu. Ɗauki kowace gaɓa, ko tumbi ko zuciya ko mafitsara, ka warware ta, waɗannan huɗun za ka tarar an jera su ta wata siga. Gaɓoɓin da suka haɗu kan aiki ɗaya kuma su ne ake kira tsari: ƙoda biyu da bututunsu biyu da mafitsara da hanyar fita, tsarin fitsari ke nan, baki zuwa dubura tare da hanta, tsarin narkar da abinci. Littattafai sukan ƙirga irin waɗannan 11.

In kana son ganin yadda ɓarakar zare ɗaya take hawa har ta kai ga riga, dubi yaro mai emasi, wato sikila. Kuskure ɗaya ne ƙanƙane a cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jar ƙwayar jini. Wannan ya sa ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, laujen ya toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi da saifa suka rasa iska, sai ga yaro yana birgima da ciwon gaɓoɓi cikin hunturu. Uwa tana shafa man zafi a gwiwa, alhali asalin abin yana can inda ido ba ya kaiwa.

Amma a nan misalin riga ya ƙare, domin zaren riga ba ya cin abinci. Kowace ƙwaya a cikin tiriliyoyin nan tana da rai, tana buƙatar iska da sukari da gishiri daidai gwargwado, tana kuma fitar da datti da sai an kwashe. Ƙwayar da ke babban yatsan ƙafa ba ta da baki, ba ta da hanci, ba ta iya tashi ta je rijiya. Sai dai a kawo mata. To da me ake kawowa? Da ruwa.

Mu a Zinder ba sai an yi mana dogon bayani kan ruwa ba. Wanda ya taɓa tashi da asuba cikin watan Afrilu yana jiran ɗan ga-ruwa ya san darajar bido guda. Namiji mai kilo 70 yana ɗauke da ruwa kusan lita 42 a jikinsa, bido biyu ke nan masu lita 20 da ɗan ɗori. Kashi biyu cikin uku yana cikin ƙwayoyin su kansu. Sauran yana waje: kaɗan a cikin jini, mafi yawa yana malale a tsakanin ƙwayoyi, suna zaune a cikinsa kamar kifi a tafki. Wani likitan Faransa na ƙarni na 19, Claude Bernard, shi ya fara jan hankali cewa rayuwa duka ta rataya ne kan kada wannan ruwan cikin ya canza: zafinsa ya tsaya wajen digiri 37, gishirinsa kada ya yi yawa ko kaɗan, sukarinsa haka. In ka dubi gaɓoɓin jiki da wannan ido, sai ka ga kusan duka hidimar tafkin nan suke yi. Huhu na zuba masa iska, hanji na zuba masa abinci, hanta na gyara abin da hanji ya kawo ta adana wani, fata na fitar da zufa don ya huce, zuciya na kaɗa shi kada ya kwanta, ƙoda na tace shi.

Kafin in kai ga ƙodar, bari in yi ƙorafi kan wata kalma tamu da ta sha wahalar da ni a aji, wato jijiya. Bahaushe abu huɗu yake kira jijiya. Wadda kake jin tana harbawa a wuyan hannu, mai ɗauko jini daga zuciya, jijiya. Koren layin da ake soka wa allura a sa ƙarin ruwa, mai mayar da jini zuciya, jijiya. Farin zaren da ke kai saƙo daga laka, wanda in ka buge gwiwar hannu kake jin kamar lantarki har ƙaramin yatsa, jijiya. Igiyar agara mai tauri da ta ɗaure tsoka da ƙashi, ita ma jijiya. Sai majiyyaci ya zo ya ce "ciwon jijiya nake", ka rasa ta ina za ka kama. Haka "zuciya": sau da yawa tsohuwa za ta ce zuciyarta ke ciwo, in ka ce ta nuna sai ta ɗora hannu a ƙahon zuci, inda tumbi yake. Shi ya sa ma'aikacin lafiya nagari ba ya tsayawa kan kalma, sai ya ce a nuna masa da yatsa.

Jijiyoyin jini su ne suka shafe mu a nan. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, kuma zuciya tana zagaya da kusan dukansa cikin minti guda ko da mutum yana zaune. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, abin da ya kai wajen 100,000 a yini da kwana. Zagayen biyu ne: ɓangaren dama ya tura jini huhu ya ɗebo iska, ɓangaren hagu ya tura shi sauran jiki. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana cewa jini ta huhu yake bi daga dama zuwa hagu, William Harvey kuma ya kammala bayanin zagayen gaba ɗaya a 1628. Manyan jijiyoyi suna ta rassa suna sirancewa har su kai wasu da jar ƙwayar jini sai dai ta bi su a layi, ɗaya bayan ɗaya. Bangon waɗannan ƙanana yana tsattsafo da ruwa kamar sabon tulu. Da gangan aka yi shi haka: ruwa ya tsattsafo ya kai wa ƙwayoyi abinci, sannan a janye shi. Abu biyu ke hana shi taruwa. Na farko wani furotin da hanta ke yi, albumin, wanda yake zaune cikin jini yana riƙe ruwa. Na biyu wasu siraran magudanai da ke kwashe rarar su mayar cikin jini, masu bi ta ƙulle-ƙullen nan na hammata da matsematsi, waɗanda in sun kumbura muke cewa kaluluwa.

To ga ƙoda. Ƙanana ne, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa su yake nufa. Kowace tana da ƴan matatai wajen miliyan guda. A kwana ɗaya suna tace ruwa kusan lita 180, bido tara ke nan, daga jinin nan mai lita 5 da ke ta dawowa. Da duka za a zubar, da mutum bai kai azahar ba. Sai su mayar da kusan dukansa cikin jini, su bar wajen lita ɗaya da rabi ya fita a fitsari ɗauke da datti da rarar gishiri. Wato ƙoda ita ce mai awon gidan: ita ke yanke ko nawa ruwa da gishiri za su zauna a jiki.

Yanzu ka ɗora wannan kan Inna. Ban gan ta ba, ban ga takardun awonta ba, kuma kumburin ƙafa yana iya fitowa daga zuciya ko hanta ko wani dalili, shi ya sa aka ɗebi jini da fitsari kafin a yanke magana. Amma tunda awo ya nuna ƙoda, ga yadda abin yake tafiya. Matatai sun raunana, ba su fitar da gishiri yadda ya kamata. Duk inda gishiri ya zauna ruwa na biye da shi, sai ruwan jiki ya ƙaru. Wani lokaci kuma matatar ta yage, albumin ya riƙa zurarewa cikin fitsari, har ka ga fitsarin yana kumfa kamar an sa sabulu, jini ya rasa abin riƙe ruwansa. Ko ta wace hanya, rarar ruwan tana tsattsafowa ta taru a farar saƙar nan mai sako-sako da iskar mahauci ta shiga. Me ya sa ƙafa? Domin ruwa gangare yake bi. Mai wuni a zaune ko a tsaye, idon sawunsa ne gangare. In ta kwana kwance, ka dube ta da safe, za ka iya ganin ƙafar ta ɗan saɓe, fuska da fatar ido kuma sun yi fulu-fulu. Ka danna babban yatsanka a kan ƙashin ƙwaurinta ka ƙirga biyar ka ɗaga, za ka ga rami ya zauna kamar a ƙullun fura. Ƙafar lafiyarta lau, wurin saukar baƙo kawai ta zama.

Tansiyo kuma ta fuska biyu ya shigo. Ruwa ya yi yawa cikin bututu, dole matsi ya ƙaru. Ban da haka ƙoda tana da wani sinadari nata, renin, da take saki don ta ɗaga matsin jini in ta ji jinin da ke iso ta bai ishe ta ba, ƙoda mai ciwo kuwa takan yi ta sakin sa ba bisa ƙa'ida ba. Shi kuma hawan jinin yana ƙara dukan matatan da suka rage, su ƙara lalacewa, tansiyo ya ƙara hawa. Sau da yawa ma shi ne ya fara ɓarnar shekaru da suka wuce ba tare da mutum ya ji komai ba, shi ko ciwon sukari. Saboda haka maganin tansiyon da kake ganin kamar an kauce hanya, shi ne babban abin da ke kare ragowar ƙodar. Kada a dakatar da shi don kumburi ya sauka ko don an ji sauƙi.

Ƙarancin jinin shi ne ya fi ba ɗalibaina mamaki kullum. Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi ta mutu, ɓargon ƙashi ke ƙera sababbi. Amma umarnin ƙerawa daga ƙoda yake fitowa, ta hanyar wani sinadarin saƙo da take zubawa cikin jini. Ƙoda ta yi rauni, saƙo ya ragu, ɓargo ya yi sanyin aiki, sai ka ga tafin hannu ya yi fari, mutum na haki daga ɗaki zuwa zaure. Gaɓar da ke maƙale a bayan ciki tana aika wa cikin ƙashi umarni, ba kuma wata jijiya da ta haɗa su sai jini. Jiki yana da hanyar saƙo biyu ke nan: ta jijiya mai sauri kamar walƙiya, da ta sinadarai masu bin jini a hankali, irin su insulin mai daidaita sukarin jini.

Wannan abu na ciwo ya bayyana nesa da gidansa ba ƙoda kaɗai ke yin sa ba. Matsarmama takan aika ciwo kafaɗar dama. Zuciya takan aika shi hannun hagu ko muƙamuƙi. Ciwon apandisit yakan fara a cibiya kafin ya sauka ƙasan mara ta dama. Akasin haka ma yana nan: yawancin masu zuwa suna riƙe da ƙugu suna cewa ƙodarsu ce, tsoka ce ko ƙashin baya, ita kuwa ƙoda takan lalace shiru ba ciwo. Irin waɗannan ne ke sayen diklofenak da ibuprofen wajen masu tallar magani a faranti cikin Kasuwar Dole su yi ta sha wata da watanni, alhali waɗannan ƙwayoyin suna rage jinin da ke shiga ƙoda. In akwai su a ɗakin Inna, ka kwashe su yau.

Batun gishiri, ka zauna da mai yi mata girki, domin ba na cokali kaɗai ake nufi ba. Dunƙulen Maggi gishiri ne, kanwar da ake jefawa a miya ko a kunu tana ɗauke da sinadarin da ake gudu a gishirin, kilishi da yajin da aka haɗa da dunƙule su ma haka. Jiƙe-jiƙen da ƴan dubiya za su yi ta kawowa, kowa da na kakarsa, kada ta sha ko ɗaya sai likitanta ya sani, domin duk abin da ya shiga jini ta ƙodar zai bi, ita kuwa ba ta da sauran ƙarfin gwaji. Yawan ruwan da za ta sha a yini, musamman in zafin bazara ya haura digiri 40, da batun azumi mai zuwa, likitan ne zai faɗa gwargwadon awonta, kada ku yanke da kanku.

Ranar komawa, ka tafi da duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har na gargajiya. Ka tambaya nawa kireyatinin ɗinta yake, wato dattin da ake aunawa a jini don a san ƙarfin ƙoda, ko an ga furotin a fitsari, ko an auna sukari, ka rubuta lambobin da kwanan wata a ɗan littafi irin wanda kake rubuta awon masu ɗinki. In akwai sikeli kusa, a riƙa auna nauyinta da safe: kilo ɗaya da ya ƙaru cikin kwana ɗaya ko biyu, lita ɗaya ce ta ruwa. In kuwa ta fara kasa kwanciya sai a zaune saboda numfashi, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko ta shiga amai da ruɗewa, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku nemi abin hawa ku kai ta ko da tsakar dare ne.